Ranar da Asibi Ta Daka Yashi

A bakin tashar motocin Agadas da ke Tanut akwai wata rumfar kwano mai ƙafa huɗu. A nan Falalu Manzo yake aiki tun shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Mai zane ne. Shi ke rubuta sunayen shaguna a allo, shi ke zana zaki ko bishiyar dabino a bayan manyan motoci. Shekarunsa talatin da shida, dogo ne siriri, kullum da shuɗin fenti a gindin farcensa. Mutanen tasha suna kiransa Mai Katun. Ya samo sunan ne daga wani aiki da ya fara bai gama ba, kuma a yadda ya faɗa da bakinsa, ba ya jin zai gama.

An haife shi a Garin Barmo, ƙauye mai gida kamar sittin, tafiyar awa ɗaya da babur daga Falanko. Shi ne ɗan farin uwarsa Asibi. Da aka yaye shi kakarsa ta wajen uba ta ɗauke shi, ya tashi a ɗakinta, gida uku tsakaninsa da inda aka haife shi. Asibi tana masa kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ba ta faɗin sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In tana da saƙo sai ta bai wa ƙanwarsa Hassana ta kai. Tun da ya koma birni, sunansa a bakinta shi ne "mutumin Tanut". Shi kuma Adda yake ce mata. Bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin rashin so ba. In ya je gida, furar da ta fi kowace kauri ita ake ajiye masa, ba a cewa ga wadda ta dama.

Ya yi lakwal, makarantar boko, a Falanko har aji shida, bai ci jarrabawar wucewa ba. Wani mushe, malaminsu, da ya ga yadda yake cika bayan littafinsa da raƙuma ya haɗa shi da mai zanen alluna a Damagaram. Ya yi shekara huɗu yana wanke buroshi kafin a bar shi ya rubuta baƙi ɗaya. A can ya auri Zuhaira, 'yar birni, suka dawo Tanut tare. Ubansa Manzo ya rasu tun kafin wannan lokacin.

Maganar katun, wato zane mai motsi, ta taso ne a ƙarshen 2020, da 'yarsu Firdausi ta shiga jardan, ajin yaran da ba su isa lakwal ba. Malamarsu, Madam Fadimata, tana da yara arba'in da bakwai, tabarma biyu da waya guda. In rana ta yi zafi yaran suka fara kuka, sai ta jingina wayar da bulo ta kunna musu zane mai motsi da aka zuba mata a katin memwar wayar. Duk da Faransanci ne, da dabbobin da ba a taɓa ganin irinsu a Damargu ba suna zamewa kan ƙanƙara. Yaran suna kallo shiru, ba su jin ko kalma biyar a ciki. Wata rana Falalu ya tambayi Firdausi daga ina gero yake fitowa, ta ce daga wurin mai inji. Ya ba Madam labari yana dariya, ita ba ta yi dariyar ba.

Ta ce, "Baban Firdausi, kai da ke zana zaki a bayan mota, ka zana mana wanda zai tashi ya yi tafiya mana. Ko akuya ce, in dai za ta yi Hausa."

Bai san yadda ake yi ba, sai ya koya a waya. Ya huda gindin kwali, ya kifa shi kan tebur, ya ɗora wayar a kan hudar tana kallon ƙasa. Yana sa takarda a ƙarƙashi ya ɗauki hoto, ya cire ya sa ta gaba, wadda zanenta ya ɗan gusa kaɗan. Takarda takwas ke ba da daƙiƙa ɗaya. Bayan sallar asuba yake yi kafin ya fita, da kuma tsakar rana in babu masu kawo aiki.

Bai kwaikwayi zanen na waje ba. Uwarsa tana da ƙore goma sha biyu jere a ɗakinta, waɗanda aka ƙona wa ado da wuƙa mai zafi: layuka baƙaƙe kan jiki ruwan ɗorawa, ƙananan kusurwoyi, ƙadangare, zabuwa mai ɗige-ɗige. Tun yana yaro yake leƙensu daga ƙofa. Da wannan salon ya zana gwajinsa na farko, zabuwa tana tafiya tana tsattsage, daƙiƙa shida, ba murya. Madam Fadimata ta ce sau goma sha ɗaya yaran suka sa ta maimaita.

Daga nan ya san abin da yake so ya yi. Fim na minti uku, a kan waƙar geron Asibi.

A Garin Barmo da ƙauyukan da ke kewaye, an san Asibi da lugude. Mata uku ne ke tsayawa kan turmi ɗaya, taɓarya tana sauka bayan taɓarya, kowace tana cilla tata sama ta tafa kafin ta cafe. Asibi ke ba da waƙa, ƙawarta Ruƙayyatu da maƙwabciyarta Hadijatu suna amsawa. Kusan shekara arba'in suna haka tare, duk suna da biki su ake kira. Waƙar geron tambaya ce da amsa, tana bin gero daga rami har ƙwarya. Asibi daga uwarta ta karɓe ta, ta ƙara nata. Farkonta ke nan:

Gero, gero, wa ya binne ka?
Diddigen mai gona ya binne ni.
Gero, gero, wa ya tashe ka?
Ruwan fari ne ya tashe ni.

Hassana ta ce tambayoyin ashirin da biyu ne. Ita huɗu ta riƙe, domin ta yi wayo ne lokacin da injin niƙa ya iso ƙauyen, 'yan mata suka daina tsayawa kan turmi. Ruƙayyatu da Hadijatu sun san amsoshin, amma sai an jefo musu tambayar suke tunawa. Jerin gaba ɗaya yana wurin mutum ɗaya.

A irin aikin Falalu, murya ake fara ɗauka kafin zane. Dole ya saurara ya ƙirga inda kowace taɓarya ta sauka, ya san a takarda ta nawa za ta taɓa turmi, a ta nawa bakin mai waƙa zai buɗe. In babu muryar ba shi da abin bi.

A watan Afrilun 2021 ya je ƙauye ya bai wa Hassana wayar, ya koma zaure ya zauna. Hassana ta shimfiɗa wa uwarsu tabarma, ta kunna. Asibi ta yi tambaya ta farko da ta biyu, ta tsaya. Ta sake farawa, ta sake tsayawa a wuri ɗaya. Can ta ture wayar.

Ta ce, "Ki gaya wa mutumin Tanut ni ban iya waƙa a zaune ba. In hannuna bai ɗaga ba, bakina ba ya tunawa."

Sai dai a yi luguden na gaske. Falalu ya jira a yi wani biki, ba a yi ba. Damina ta faɗi, kowa ya shiga gona. Madam Fadimata kuma tana so a buɗe aji da fim ɗin a watan Oktoba, shi kuwa zanen zai ci masa aƙalla wata biyu. Ya aika wa Hassana cewa zai zo ranar Juma'a ta uku a watan Agusta, ranar da ba a zuwa gona, ta shirya masa matan.

Abu biyu suka faru a ranar waɗanda bai shirya musu ba. Na farko, ɗan Hassana ya kwana da zazzaɓi, ta ɗauke shi tun da sassafe zuwa likita a Falanko. Na biyu, hadari ya fara haɗuwa a gabas tun bayan azahar.

Ya iso a bayan wani mai kabu-kabu, da tiya biyu ta gero da ya auno a kasuwar Tanut, don ya san a watan Agusta rumbunan ƙauye sun kusa ƙarewa. Ruƙayyatu ce ta tare shi a tsakar gida. Mace ce mai baki, ita ke cike gurbin maganar da Asibi ba ta yi.

Ta ɗaga buhun da yatsa biyu. "Mai zanen aljanu, tiya biyu? Mata uku ka tara a kan tiya biyu? A birni haka kuke lugude?"

"Gwaggo, minti uku kawai nake so."

"To ka ji. In za ka zana ni, ka cika mini haƙora. Kar ka bi abin da idonka ya gani."

"Har da na zinare zan sa miki."

"Ka sa biyu, in na mutu a raba gado."

Asibi tana gefe tana goge turmi, ta juya masa baya, amma ya ga kafaɗarta tana motsi. Ya ɗaure wayar a jikin sanda, ya kafa kusa da turmin. Aka surfa geron, aka wanke, aka mayar. Sannan suka tsaya su uku, Asibi ta ɗaga taɓarya.

Falalu ya ce bai taɓa jin waƙar daga kusa haka ba, kullum daga bayan zana yake jiyo ta. Sun yi ta tun daga farko har ƙarshe sau uku, minti tara, tambaya ashirin da biyu, babu tuntuɓe. Suna cikin yi iskar hadari ta taso, ta ɗaga mayafai, ta kaɗa zana, ba su tsaya ba. Da suka gama Ruƙayyatu ta yi guɗa. Shi kuma ya koma gefe ya sa abin ji a kunne.

Daƙiƙa arba'in na farko sun fita tas. Daga nan sai ƙugin iska, da wani abu can ƙasa kamar ana buga ƙofa a wani gari.

Ya ce a sake. Hadijatu ta nuna masa turmin, geron ya riga ya zama gari, ta kwashe ta fara tankaɗe, jikoki sun kewaye ta. Ya tambaya ko akwai mai gero a ba shi aron tiya ɗaya.

Ruƙayyatu ta ce, "A Agusta? Wanda ke da shi ba zai faɗa ba, ɗana."

Mai kabu-kabu ya leƙo daga zaure ya ce in ruwan nan ya sauko rafin da ke hanya zai cika, sai su yi kwana biyu a nan. A daidai lokacin iskar ta kwanta, wurin ya yi tsit irin wanda ake yi kafin ruwa ya zubo. Falalu ya ga ba zai ƙara samun shiru kamar wannan ba, ga matan uku a tsaye, jikinsu da ɗumin aikin. Abin da ya rage kawai a sa wani abu a turmin don kar taɓarya ta fasa shi. Ya san tun yana yaro ana hana daka turmin da ba komai a ciki. A tunaninsa in an zuba wani abu, an fita daga hanin. Ya ɗauki ƙwarya, ya ɗebo yashi daga gindin zana, ya juye a turmin uwarsa.

Ruƙayyatu ta daina dariya. "Falalu, mene ne wannan?"

"Sautin kawai nake so, Gwaggo. Ba wanda zai gani a fim."

Abin da bai sani ba, domin a ɗakin kaka da lakwal da birni ya tashi, ba a gindin turmi ba, shi ne matan Garin Barmo sun fi tsoron wannan a kan turmin da ba komai. A wurinsu, wadda ta daka ƙasa ta kira wa gari shekarar da ba za a sami abin dakawa ba. Ba a faɗa wa yara maza, don ba a taɓa zaton namiji zai kusanci turmi ba.

Ruƙayyatu da Hadijatu suka dubi Asibi. Turminta ne, ɗanta ne, ita ke gaba a lugude. Da wani ne cikin 'ya'yanta, da tsawa ɗaya ta isa. Amma wannan shi ne wanda ba ta taɓa ce wa ko sannu ba, ga mutane, ga baƙo a zaure. Falalu ya ce ya ga ta waiga ƙofar gida, inda Hassana za ta shigo in ta dawo. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta sunkuya ta ɗauki taɓarya.

Ya ɗauka ta yarda. Ya kunna waya.

Da ta ɗaga, sauran biyun suka bi ta. Sun sauke kamar sau ashirin. Babu wadda ta buɗe baki. Can Hadijatu ta jingina taɓaryarta, ta ɗauki jikanta, ta fita ba sallama. Mata biyu na gidan maƙwabta suna tsaye a bayan zana, sun ga komai.

Hadarin nan bai zubar da ko ɗigo ɗaya a Garin Barmo ba. Ya rabu biyu, ya yi arewa wajen Tenhya. Falalu ya koma Tanut a kan busasshiyar hanya, yana jin haushin iska kawai. Daga ranar sai da aka yi kwana ashirin da shida ba ruwa a ƙauyen, a daidai lokacin da gero ke fitar da kai. Da ruwan ya dawo babu abin da zai tayar.

Ba Garin Barmo kaɗai abin ya shafa ba. Daminar 2021 ta yi wa manoma da yawa muni a faɗin ƙasar, har da ƙauyukan da ba su taɓa jin sunan Asibi ba. Limamin ƙauyen ya tsaya bayan sallar Juma'a ya ce ruwa na Allah ne, Shi ke saukarwa Shi ke riƙewa, danganta shi da turmi camfi ne. Kowa ya ce haka ne, Malam. Amma daga ranar babu wadda ta ƙara aiko a ba ta aron turmin Asibi. In ta iso rijiya sai hira ta mutu. A watan Nuwamba aka yi suna gida biyu daga nata, ba a kira ta ba, aka kai ɗan geron da aka samu inji. Mijin Hadijatu ya hana ta shiga gidan Asibi. Ruƙayyatu ita kaɗai ta ci gaba da zuwa, har ɗanta ya zo ya ɗauke ta zuwa Arlit saboda yunwa. A can ta rasu bayan shekara biyu.

Falalu bai ji duk wannan ba sai da Hassana ta zo Tanut ta same shi a rumfa, buroshi a hannu. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Yaya, yashi? A turmin Inna?"

"Ba ta hana ni ba, Hassana. Da ta ce a'a da ban yi ba. Ba ta ce komai ba."

"Ba ta ce komai ba. Yaushe ta taɓa ce maka wani abu? Shekara talatin da biyu, yaushe?"

Ya ajiye buroshin. Ta ci gaba.

"Da ka jira ni. La'asar na dawo. Kana fita ina shigowa, na ga ƙurar babur ɗinku."

A farkon 2022 mijin Hassana ya tafi haƙar zinare Jado, ita kuma ta koma wurin danginsa a Balbeji da yaranta. Asibi ba ta da wurin zuwa sai gidan ɗan farinta, abin da mace irinta ke roƙon Allah ya tsare ta da shi. A watan Maris ta iso Tanut a bayan mota, da ƙullin kaya da ƙorenta goma sha biyu. Turmin ta bar shi a can. Aka ba ta ɗakin da ke kusa da zaure. Sai Falalu ya fita take fitowa tsakar gida, in ta ji ƙarar ƙofa da yamma ta koma ciki.

Shi kuwa ya ga kamar dama ta dawo. Ya sayo sabon turmi da taɓare uku, ya sayo buhun gero cikakke ya jingina inda za ta gani. Zuhaira da wata maƙwabciya suka yarda za su koyi amshi, Hassana ta karanta musu huɗun da ta sani ta waya. Ya aika Zuhaira ta roƙe ta. Amsar ita ce sai an kwana biyu. Bayan wata guda ya sake aikawa, amsar ba ta canza ba. Ya aika Firdausi, don ya ga da ita kaɗai take wasa. Asibi ta ja kunnen yarinyar ta ce, "Ke ƙawata, wa ya aiko ki? Je ki ce ba ki same ni ba." Zuhaira ta ci gaba da kai geron gidan inji kamar kullum, buhun ya ƙare a haka.

Daminar 2022 ta yi kyau. Labari ya zo daga Garin Barmo cewa an cika rumbuna, har waɗanda suka gudu sun fara komawa. Falalu ya yi tunanin yanzu magana ta wuce, tunda ƙasar da aka ce an ɓata ga ta ta bayar. Wata safiya a watan Nuwamba, maimakon ya aika, ya je ƙofar ɗakinta da kansa. Ya tsuguna a gefe, ya juya fuska ga bango, ya yi magana kamar da bangon yake yi. Ya ce ya yi kuskure, ya nemi gafara. Ya ce Gwaggo Ruƙayyatu ta yi nisa, Hadijatu ba ta zuwa, in ba a ɗauki waƙar nan ba babu wanda zai riƙe ta. Ya ce sau ɗaya kawai, a cikin ɗaki inda iska ba ta shiga, da gero mai kyau.

Zuhaira tana tsakar gida tana wanke kwanoni, ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya, Falalu ya gyaɗa kai a kan kowace kalma.

Labulen ya motsa. Asibi ta ce, "Falalu."

Zuhaira ta ce kwanon hannunta ya suɓuce. Tun da ta shigo gidan ba ta taɓa jin sunan a wannan bakin ba, shi ma bai taɓa ji ba.

Asibi ta ce, "Kai ba ka sani ba. Ni na sani, na kuma ɗaga taɓaryar. Yara uku aka binne a garinmu a shekarar nan, ɗaya jikan Hadijatu ne, wanda ta ɗauka ta fita da shi. Kar ka ƙara aiko mini kowa."

"Adda, malamai sun ce ruwa..."

"Na ji abin da malamai suka ce."

Ta saki labulen. Daga ranar zuwa yau ba ta ƙara yi masa magana ba, ya koma mutumin Tanut ko da yake a Tanut suke su biyun.

Ya gwada wasu hanyoyin. Shi da Hassana sun zauna sun tattaro tambaya bakwai, ba su san jerinsu ba, biyu daga ciki ma Hassana ba ta tabbata ba. Ya kai wa wata zabiya a gari abin da ya samu, ta mayar da shi kirarin masu gona, da sunayen manya a ciki. Ya rubuta nasa baitocin, Zuhaira ta rera, suka saurara, ya goge. Ya ce kamar ana karanta darasin lakwal ne. Ya aika Garin Barmo a tambayi Hadijatu, ta ce a gaishe shi.

A ƙarshe ya zana abin da yake da shi. Daƙiƙa arba'in, takarda ɗari uku da ashirin, wata huɗu yana yi. Na kalla a wayarsa. Mata uku ne baƙaƙen layuka kan ruwan ɗorawa, taɓare suna tashi suna sauka daidai da sautin, ƙwayar gero mai ido biyu tana shiga rami, diddige ya rufe ta, ruwa ya sauko ta miƙe. Muryar Asibi siririya ce, tana da ƙarfi. A tambaya ta huɗu iska ta shigo ta rufe amsar, hoton ya tsaya cak.

An nuna shi a jardan sau ɗaya, a watan Mayun 2023. Firdausi ta riga ta wuce zuwa lakwal, wasu yaran ne. Madam Fadimata ta ce tun daga tambaya ta biyu suka fara amsawa da kansu, wasu suka miƙe suna daka da hannu. Da ya tsaya suka ɗauka wayar ce ta mutu. Wata yarinya ta ce a ci gaba. Madam ta dubi Falalu, ya ce iyakarsa ke nan. Yarinyar ta ce to me ya sami geron. Ya ce bai sani ba. Suka yi ta hayaniya, har Madam ta kunna musu na Faransanci suka yi shiru. A ƙarshen shekarar aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Damagaram. Wadda ta gaje ta ba ta taɓa neman Falalu ba, shi ma bai je ba.

Asibi tana nan da ranta. Shekarunta sun haura sittin, lafiyarta ƙalau, tana cin abinci, tana yi wa Firdausi kitso. Zuhaira ta ce wani lokaci in tana tsintar wake takan ga leɓenta yana motsi, in ta matso sai ya tsaya. Na tambayi Falalu ko ya taɓa tunanin ɓoye waya a ɗakinta. Ya ce ya yi tunanin, har ya sayi igiyar da zai rataye ta, sannan ya fasa. Ya ce sau ɗaya ya yi abu a kanta ba da yardarta ba, ya ga inda ya kai su.

Tun kafin ya je ƙauye a waccan Juma'ar ta Agusta ya yanka takardun fim ɗin gaba ɗaya, ya rubuta wa kowace lambarta a kusurwa, daga ɗaya zuwa dubu ɗaya da ɗari huɗu da arba'in. Waɗanda bai zana ba sun yi shekara uku a kwali ƙarƙashin gado, har gara ta fara cin gefensu. Bara ya kwaso su ya bai wa mai ƙosan da ke bakin tasha. Ta ce masa takardun suna da kyau, ba su shan mai da yawa, sun kai ta har bayan azumi.